Daga bututun iska zuwa intanet: Abin da kyanwar New York za ta koya wa ’yan kasuwar Kakuri

A watan Yunin 2006 wani dattijon Sanata a Amurka, Ted Stevens mai wakiltar Jihar Alaska, ya miƙe a zaman kwamitin kasuwanci na Majalisar Dattawa domin ya bayyana wa abokan aikinsa abin da ake kira intanet. A bayaninsa, intanet ba babbar mota ba ce da za a yi ta labta mata kaya, jerin bututu ce wadda kan toshe idan aka cika ta. Ya kafa hujja da wani saƙo da ma’aikatansa suka aika masa ranar Juma’a, bai iso ba sai Talata.

Matasan Amurka sun kwashe shekaru suna yi masa dariya. Da a Kasuwar Monday da ke Kakuri ya yi wannan jawabi, da wuya a samu mai dariya ko ɗaya. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa tura wa kuɗi ranar Juma’a, alat bai shigo ba sai Talata, zai ce dattijo ya san abin da yake faɗa.

Abin da masu dariyar suka manta shi ne duniya ta taɓa yin hanyar aika saƙo wadda jerin bututu ce ta gaske, ta ƙarfe, kuma ta yi aiki fiye da shekara ɗari. Sanin yadda ta yi aiki da yadda ta mutu na taimaka wa mai shago da ma’aikacin gwamnati su gane inda kuɗinsu da takardunsu ke maƙalewa a yau.

Yadda iska ta zama ɗan aike

Duk wanda ya taɓa hura tsakuwa ta cikin karan ganyen gwanda yana yaro ya riga ya san ilimin. Ana shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙarƙashin titi daga wani gidan waya zuwa wani. Ana naɗe wasiƙu a cusa cikin wani gwangwani mai murfi, wanda aka yi wa ɗamara da fata ko ƙyalle mai kauri domin ya cika bakin bututun, kada iska ta zille ta gefe. Sai injin tururi, mai aiki irin na zugazugin maƙeri, ya hura iska ta bayan gwangwanin, ko kuma ya zuƙe iskar da ke gabansa. Ko ta wace hanya, gwangwani ya kama gudu ke nan har sai ya faɗo a tasha ta gaba.

A Landan aka fara, a 1853, lokacin da injiniya Josiah Latimer Clark ya shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin mita 200 tsakanin kasuwar hannun jari da babban ofishin kamfanin wayar tangarahu. Birnin Berlin ya bi sahu a 1865, Paris a 1866, Prague a 1889, New York a 1897.

Dalilin ƙirƙiro shi shi ne abin dariya na farko. Wayar tangarahu ita ce sabuwar fasahar zamanin, tana kai saƙo daga wata ƙasa zuwa wata cikin mintuna. Amma da ’yan kasuwa suka yi mata ca, sai layukan cikin gari suka cushe. Saƙon da ya tsallako teku cikin ƙanƙanen lokaci sai ya zauna yana jiran layi kafin ya tsallaka titi biyu. Mafitar da aka samu ita ce a rubuta saƙon a takarda, a hura shi da iska. Wato lantarki ya gaza, aka koma wa iska.

Mazauna Barnawa, Narayi da Sabon Tasha da ke aiki a sakatariya sun san wannan lissafi. Tafiya daga gida zuwa bakin gada ba ta da wuya, tsallaka Kogin Kaduna da safe shi ne aikin. Haka nan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira: jama’a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya a lokaci guda, manhajojin bankuna suka yi ta sarewa, mai kuɗi a asusu ya rasa na sayen burodi. Cunkoson da ya haifi bututun Landan shi ne dai ya sake dawowa da sabon suna.

Ranar da aka aika kyanwa

Birnin New York ya buɗe nasa bututun a ranar 7 ga Oktoban 1897 da gagarumin biki. An aika Baibul naɗe da tutar Amurka, an aika wasu kayayyaki, sannan, kamar yadda wani ma’aikacin gidan waya da ya halarci bikin ya bayar da labari, aka saka kyanwa mai rai a gwangwani aka hura ta. Ta fito a ɗaya ɓangaren a jigace, amma da ranta.

Bututun New York ya kai tsawon kusan kilomita 43, ya haɗa gidajen waya 23. Kowane gwangwani na ɗaukar wasiƙu har 600, yana gudun kimanin kilomita 50 a awa. Lokaci-lokaci akan hura wani gwangwani mai huji-huji cike da mai domin ya shafe cikin bututun, kada ya yi tsatsa ko ya riƙe kaya.

Na Paris ya fi kowanne tsawo, domin ya kai kilomita 467 a 1934, kuma yawancinsa ta cikin manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin ya bi. Mutum zai rubuta saƙo a wata shuɗiyar takarda, ya miƙa a gidan waya, cikin awa biyu ko ƙasa da haka ya isa hannun mai shi. An ƙayyade girma da nauyin takardar, an kuma hana saka sulalla ko wani abu mai tauri, kamar yadda a yau imel kan ƙi karɓar bidiyon biki idan ya yi nauyi. Daga tashar ƙarshe kuwa yara ’yan aike ne ke ƙarasa kai saƙon gida, a ƙafa ko a kan keke. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp a Unguwar Television ta san wannan ma: hoton kaya na isa cikin daƙiƙa, kayan kansu sai an nemi mai Keke Napep.

A nan ne babban bambanci yake. Bututun iska na ɗaukar ainihin takardar, da tawadarta da sa hannunta. Intanet kuwa kwafi take kaiwa, kuma ba ta kai shi a dunƙule. Tana yanyanka saƙo zuwa ƙananan ƙulli, ta manna wa kowane ƙulli lamba da adireshi, kowanne ya bi hanyar da ya samu, sai a can a sake jera su bisa lamba. Idan ɗaya ya ɓata, a nemi a sake turo shi. Da ta intanet aka aika kyanwar New York, da sai an yanka ta gunduwa-gunduwa, wutsiya ta bi wata hanya, kai ya bi wata, a haɗa ta a can, sannan mai aikawa ya waiga ya tarar da kyanwarsa zaune a inda take.

Bututun Kaduna mai ƙafa biyu

Kaduna ba ta shimfiɗa bututun wasiƙu ba. Lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, jirgin ƙasa da wayar tangarahu ne suka riƙe sadarwa, kuma babbar mahaɗar jirgin tana kudancin kogi. Daga baya masana’antu suka biyo layin dogo: masaƙar KTL a Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980, wadda aka tsara ta riƙa shan ɗanyen mai ta bututu mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga yankin Neja Delta.

A cikin ofisoshi kuwa, bututun shi ne masinja. Shi ke ɗauke da fayil daga tebur zuwa tebur, da littafin da ake sa hannu a duk inda ya ajiye. Tsofaffin ma’aikata za su shaida cewa wannan tsari yana da duk siffofin intanet. Yana da adireshi, wato lambar fayil. Yana da mahaɗa, wato ofishin rajista. Yana da ranar da babu sabis, wato ranar da mai makullin kabad ya tafi ɗaurin aure. Yana ma da hanyar ƙara gudu wadda ba a rubuta ta a kowace doka ba.

Sunaye sun sauya. Tsohuwar ma’aikatar gidan waya da tangarahu ta rabe a 1985, aka samu NIPOST da NITEL. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. Albashin ma’aikatan tarayya ya koma kan IPPIS, biyan kuɗin gwamnati ya koma kan Remita. Masinja ya ragu, amma tebura suna nan, sun koma cikin kwamfuta ne kawai.

Intanet ma a ƙasa take kwance

Da yawa na ɗauka cewa saƙon waya ta sararin sama yake bi tun daga farko har ƙarshe. Gaskiyar ita ce tafiyarsa a iska gajeriya ce, daga wayar hannu zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan mafi yawan tafiyar a cikin wayar faiba ake yin ta, wato zaren gilashi mai kaurin gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa. Ana zura waɗannan zaruruwa a cikin bututun roba, a binne a gefen titi. Zuwa ƙasashen waje kuma wayoyin suna kwance ne a ƙasan teku. Akwai SAT-3 da ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, da Equiano ta kamfanin Google da ta sauka a Legas a 2022. Ashe dai Sanatan Alaska bai yi nisa da gaskiya ba.

Idan mai saye ya tura kuɗin buhun shinkafa a Sabon Tasha, umarnin zai tashi daga wayarsa zuwa turke, daga turke zuwa kwamfutocin bankinsa. Bankin zai cire kuɗin, ya miƙa saƙo ga NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, wadda ta ɓullo da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Ita kuma ta miƙa wa bankin mai shago, shi ya zuba kuɗin, sannan wani tsari na daban ya aika saƙon alat. Tasha biyar ko shida ke nan, kuma kowace na iya riƙe gwangwani. Shi ya sa kuɗi kan fita daga wannan asusu bai shiga wancan ba, kuma shi ya sa kuɗi kan shiga alat bai zo ba.

Ga wani lissafi mai ban takaici da ban dariya. Haske na gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya a cikin faiba, wato daga Kaduna zuwa Legas ba ya cin ko kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Amma ƙa’idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta bai wa bankuna har awa 72 su warware cinikin POS da ya maƙale. A cikin awa 72, gwangwanin New York na 1897 zai je Legas daga Kaduna ya dawo har sau biyu, da kyanwa a ciki. Jinkirin ba daga bututu yake ba, daga tashoshi yake.

Idan hanya ta toshe

Gwangwani kan maƙale a ƙarƙashin titin Paris, kuma ba zai yiwu a tone birni gaba ɗaya a neme shi ba. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce su harba ƙaramar bindiga a bakin bututun, su auna lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. Tunda an san gudun sauti, sai lissafi ya nuna inda toshewar take, a je a buɗe wurin kawai.

Injiniyan kamfanin sadarwa a yau haka yake yi, illa dai ya ajiye bindiga. Yana da na’urar da ke harba ɗigon haske cikin faiba, ta auna lokacin da hasken ya dawo, ta faɗa masa a kilomita ta nawa aka yanke. Abin da yakan tarar a wurin ba ya wuce uku: katafilar masu aikin hanya, mai haƙa kwalbati ko harsashin gini, ko ɓarawon da ya ɗauka jan ƙarfe zai samu, ya tarar da gilashin da ko ɗan gwangwan ba zai saya ba.

Wani lokaci kuma ikon Allah ne. Bututun Prague mai tsawon kimanin kilomita 55 ya yi aiki har zuwa 2002, sai ambaliyar ruwa ta shige shi ta tsayar da shi. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwadebuwa. Kamfanin MainOne ya danganta abin da motsin ƙasa a ƙasan teku. Bankuna da kamfanoni a Najeriya suka shiga matsala, gyaran ya ɗauki makonni, kuma mai POS a Unguwar Romi da bai taɓa ganin teku ba ya yi asarar ciniki saboda abin da ya faru a ƙasansa.

Haka kuma a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda matsalar ’yan bindiga, jama’a sun koma bai wa direbobi saƙo a tashar mota. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sirri a kwandon shara yake tonuwa

Shuɗiyar takardar Paris ta taɓa girgiza ƙasar Faransa. A 1894 aka yanke wa wani hafsan soja, Alfred Dreyfus, hukunci bisa zargin sayar wa Jamus sirrin soja. A 1896 shugaban sashen leƙen asiri, Georges Picquart, ya samu yagaggiyar takardar bututu da aka tsinto daga kwandon sharar ofishin jakadancin Jamus, ɗauke da sunan wani hafsan daban, Esterhazy. Daga nan zaren ƙarya ya fara warwarewa, har aka wanke Dreyfus a 1906.

Abin lura shi ne babu wanda ya fasa bututu ya sato takardar. A shara aka tsince ta. Mafi yawan kuɗin da ake kwashe wa mutane a yau ma ba ta hanyar fasa faiba ake yi ba. Mai asusun ne ke karanta wa baƙon murya lambar sirrinsa a waya, ko ya rubuta ta a bayan katin ATM, ko ya miƙa katin ga wanda bai sani ba a bakin na’ura. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri.

A nan tsohon bututu ya fi. Wasiƙar da ta faɗo daga gwangwani ta iso ke nan, ana riƙe da ita a hannu. Alat kuwa labari ne kawai cewa kuɗi sun iso, kuma labari ana iya ƙirƙirar sa.

Abin da ya kashe bututu

Kuɗi ne. Haƙa titi, shimfiɗa ƙarfe da ciyar da injuna dare da rana sun fi ƙarfin abin da wasiƙu ke kawowa. New York ta rufe nata a 1953, ta koma wa motoci. Paris ta jure har zuwa 30 ga Maris 1984, bayan tarho da na’urorin aika rubutu sun janye mata masu hulɗa. Daga cikin wuraren da bututun iska ya rage a yau akwai manyan asibitoci, inda ake hura samfurin jini da magunguna daga sashe zuwa sashe, domin har yanzu babu intanet ɗin da ke ɗaukar kwalbar jini.

Wannan tsadar haƙa ita ce ke damun faiba. Jihohi da dama sun daɗe suna karɓar kuɗi mai yawa a kan kowace mita da kamfani zai binne waya, duk da matsayar da aka cimma ta Naira 145. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na faiba, ta kuma sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. A Janairun 2025 kuma Hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Tunda an ƙara kuɗi, masu saye na da haƙƙin tambayar ina aikin yake. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya rage wa mai shago da ma’aikaci

Tsofaffin ma’aikatan bututu suna buga hatimin lokaci a kan kowace takarda, domin a san inda ta kwana. Mai hulɗa da banki ma ya riƙe nasa hatimin: rasit ɗin POS, ko da ya nuna ciniki bai yi ba, da doguwar lambar shaida da manhaja ke bayarwa a kan kowace turawa. Da ita ake bin sawun kuɗi daga tasha zuwa tasha.

Kada kaya su bar shago saboda saƙon tes ko hoton rasit a wayar mai saye. A buɗe manhaja ko a duba ragowar kuɗi a asusu, gani ya kori ji. Wanda cinikinsa ya dogara da sabis ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban da asusu biyu, da ’yan tsabar kuɗi na ko-ta-kwana. Idan kuɗi suka maƙale, a fara kai ƙorafi banki a rubuce, a karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce babu bayani, a garzaya sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki. Ƙorafin da kamfanin waya ya ƙi saurara kuma ana kai shi ga NCC ta lambar 622, kyauta.

Ma’aikacin da ya cike takardun ƙarin girma ko na fansho ta intanet ya buga kwafi ya adana, da ranar da ya tura. Mai unguwa da ya ga ana haƙa a gefen titi ya tambayi masu aikin ko sun san abin da ke kwance a ƙasa, domin cinikin kasuwa guda na iya kasancewa a cikin wannan siririn bututun roba.

Kyanwar New York ta isa da ranta ne saboda akwai mutum tsaye a bakin bututu yana jiran ya buɗe murfi. Shekara fiye da 120 bayan haka, gudun ya ninka ba adadi, amma saƙo bai daina buƙatar wanda zai karɓe shi da gaskiya a tasha ta ƙarshe ba.